Jinin Gidan Nomau

Ku da kuke aski a bakin tashar Tasawa, da injin lantarki da madubi mai tsawon mutum, ina jin abin da kuke faɗa idan na wuce da zabirata: wai tsoho ya fito da kayan tarihi. Ba na jin haushi. Ni ma na leƙa shagunanku na ga aikin. Ku dasa inji a kai, ku zagaya da shi, ku karkaɗe zane, na gaba ya zauna. Kan da kuka aske da hantsi, kafin la'asar kun manta mai shi. In wannan ne wanzanci, to lallai abu ne mai sauƙi, kuma ni na ɓata ƙuruciyata a banza. Sai dai ba shi ba ne, ku gyara zama ku ji.

Sunana Isuhu, ɗan wanzami, jikan wanzami, daga wani ƙauye a ƙasar Maijirgi. Ban zaɓi sana'ar nan ba, a cikinta na buɗe ido. A zabirar Baba akwai askar kai, da 'yar siririyar aska ta tsaga, da ƙahonin shan jini, da ƙoshiyar cire beli, da dutsen wasi, da wata tsohuwar fata da ake goga aska a kanta har ta ɗauki gashin hannu ba a ji ba. Na daɗe ina ɗaukar zabirar nan kafin a bar ni in buɗe ta. Da lokaci ya yi, ba kan mutum aka ba ni ba, duma aka ba ni. Baba ya shafe shi da sabulu, ya ce in kwashe kumfar kada aska ta karce shi. In ya duba ya ga zane ko ɗaya, ba ya duka, ba ya faɗa. Sai ya ce, "To, ka kashe mai gari," ya juya ya ci gaba da abin da yake yi. Na kashe mai gari ya fi a ƙirga kafin hannuna ya zauna.

Wanzami a zamaninmu ba ya zaman jiran mai zuwa. Gidaje yake gada, yadda ake gadon gona. Gidan da kakana ya yi wa aski, shi Baba ya yi wa, shi kuma na tarar. Ranar suna kai ne za ka aske jariri, ka yi masa tsagar gidan ubansa. Kai za ka yi masa kaciya. Ya girma ka riƙa aske shi, jikinsa ya yi nauyi ka kafa masa ƙaho. Ba a biyanka a ranar, sai kaka ta yi a aiko maka da damin gero. Wani wanzami kuma ba ya taɓa kan gidanka, ko da za a cika masa rumbu. Saboda haka mun san mutanenmu tun daga fuska. Gidan Nomau, wanda zan ba ku labarinsa, bille ɗaya suke yi a kumatun hagu. Mu kuma namu fashin goshi ne. In na ga bille irin wannan a kasuwar Mayahi, ko ban san sunan mai shi ba, na san jinin wane ne.

Akwai kuma doka ɗaya da Baba ya fi tsanantawa a kanta fiye da wasin aska. Abin da mutum ya gaya maka game da jikinsa, musamman daga cibiya zuwa ƙasa, ba ya fita daga bakinka. Ba matarsa, ba ɗansa, ba bayan ransa.

Wata safiya muna aski a zauren Nomau, lokacin ina saurayi, gemu bai gama fito mini ba. Nomau manomin gyaɗa ne, ƙaƙƙarfa, mai yawan dariya. Da Baba ya gama masa, sai ya ce, "Wanzam, zo ka gane mini wani rumbu da gara ta shiga." Muka zagaya bayan rumbuna. Ya dube ni, ya dubi Baba.

"Hwaɗi," in ji Baba. "Kunnenshi na cikin zabira."

Nomau ya sunkuyar da kai, ya ce, "Jini nake gani in na zagaya."

Wannan ba sabuwar magana ba ce a wurin wanzami. Basir ya cika gari, kuma yawancin mai ganin jini basir ɗin ne ke damunsa: ya zo, ya tafi, mutum ya tsufa da abinsa. Baba ya ba shi bagaruwa ya dafa ya riƙa zama a ruwan, ya ba shi sassaƙe na sha, ya hana shi barkono.

Na Nomau bai tafi ba. Bayan gidansa ya sirance, wani lokaci ya ɗaure, wani lokaci ya sake. Ciki ya riƙa murɗa masa. Tuwo ya fita daga ransa. Ni nake masa aski a ƙarshe, kuma duk zuwa sai in ji gefen goshinsa ya ƙara zurmawa a ƙarƙashin yatsana. Ya rasu babu furfura ko ɗaya a kansa, ni ne shaida. Gari ya ce sammu ne, saboda yana rigimar iyakar gona da wani maƙwabcinsa.

Muna dawowa daga maƙabarta Baba ya ja ni gefe.

"Ba sammu ba ne," ya ce. "Kakanka ya yi ma uban Nomau magani, haka ya tahi. Ni na yi ma ƙanen Nomau, haka ya tahi. Kowanensu ya roƙa kar a ji. Shi ya sa su kansu ba su san ciwo ɗaya ke ɗaukarsu ba. Mu kaɗai muka sani."

"To mi za mu yi, Baba?"

"Ka sa ido. Duk namijin da ke ɗauke da billen gidan nan, in kanshi ya zo hannunka, ka duba shi. Ka gane shi da wuri. Ƙila a zamaninku a samu abin da ya hi bagaruwa."

Daga ranar nan aikin ya hau kaina: kada wani daga jinin Nomau ya sake zamewa ban gan shi da wuri ba. Baba ya nuna mini yadda ake dubawa ba tare da mai kai ya sani ba. Kana aski ka dafa gefen goshi ka ji cikarsa. Ka ce gashi ya faɗa masa a ido, ka ja fatar ƙasan idon ka ga ko ja ce ko ta yi fari. Ka miƙa masa sabulu ya riƙe, ka kalli tafin hannunsa. Nomau ya bar 'ya'ya maza biyu, Mati babba da Shaibu ƙarami. Su na sa wa ido.

Tsakaninsu akwai mace, Habsu. Ita na aura, shekara kaɗan bayan rasuwar ubanta. Tana da billen gidansu a kumatu, Baba ne ma ya yi mata. Amma tsagar mace a fuskarta take ƙarewa. 'Ya'yanta na gidan mijinta ne, tsagarsa za su ɗauka, sunansa za su amsa, gonarsa za su gada. Haka muka tashi muka tarar, haka kowa yake lissafi. Da ta haifi ɗanmu na fari, aka yi masa fashin goshi irin nawa. Lawali ake ce masa. Har yau sunan ba ya zama daidai a bakina, don a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ko askinsa ban taɓa yi ba. Ƙanena ne ya yi masa na suna, shi ya ci gaba da yi masa har ya girma.

Sai babban fari ya zo. Ruwa ya ɗauke shekara a kan shekara, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Buzaye suka gangaro daga arewa da ragowar raƙuma, wasu da igiya kawai a hannu. Sana'armu ta mutu a tsaye. Ana suna babu rago. Ƙaho na rataye shi, don ba wanda ke da jinin da zai bayar. Dami kuwa ba a maganarsa. Na yi aski a ba ni dusa cikin tafin hannu, na kuma gode. Maza suka watse Najeriya ci-rani, kawunan da na sani tun suna jarirai suka ɓace mini. A cikin haka muka ji a rediyon mai gari cewa soja sun karɓi mulki. Ba a jima ba kamiyo, wato babbar motar kaya, ya fara shigowa da buhunan wata jar dawa ta taimako. Wani soja mai kula da rabo ya sa na aske shi a inuwar motar, ya ba ni tiya guda. Shi ne kai na farko da na taɓa wanda ban san uban mai shi ba.

Dawar nan ta riƙe rai, amma ta wahalar da ciki. Mata ba su san kanta ba, ba ta dakuwa yadda ya kamata, kuma ana cinta da yunwa. Gari ya ɗauki zawo, da yawa har da jini. A nan duk dabarar da Baba ya koya mini ta tashi a banza. Wane goshi ne bai zurma ba a shekarar nan? Wane ido ne bai yi fari ba? Na aske Mati na ga ya rame, amma ni mai askin ma na rame. Na daure na tambaye shi ko yana ganin wani abu in ya zagaya. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Wanzam, wa ba ya ganin jini bana?" Da damina ta dawo, mutane suka fara murmurewa, shi ya ci gaba da zubewa. Kafin in tabbatar, cikinsa ya kumbura. Aka sa shi a lissafin waɗanda yunwa ta kashe. Baba ma bai daɗe bayansa ba, shi tsufa ne. Na gaji zabira, na gaji gidaje, Shaibu kaɗai ya rage mini a 'ya'yan Nomau maza.

Askin da na fi tunawa a rayuwata shi ne wanda na yi wa Shaibu a fari na biyu, wajen shekara goma bayan na farko, soja na kan mulki har lokacin. Shaibu ƙanen matata ne, don haka abokin wasana ne. Ba ya ganina bai tsokane ni ba. Ranar ma da na shiga zaure cewa ya yi, "Ga mai yanka mutane a biya shi. Ina yayata, ko ka gama kashe ta da yunwa?" Na ce ta fi shi ƙiba. Gaskiya na faɗa, kuma ita ce ta tayar mini da hankali. Shaibu yana da lambu a bakin rijiya, gidansa bai rasa tuwo ba a shekarar nan. Bai kamata ya rame ba. Na shafa sabulu, na fara daga ƙeya. Ban kai tsakiyar kai ba ya ce in dakata, ya zagaya. Ya dawo, na ci gaba, ya sake tashi. Da ya dawo na ja fatar idonsa, ban ma yi ƙaryar gashi ba.

"Shaibu, mi kake gani in ka zagaya?"

"Abin da kowa ke gani."

"Ba wasa nake ba."

Ya ce, "Ɗan basir ne. Ka ba ni bagaruwarka."

"Ba ni ba ka."

Na ajiye aska a kan fata. Na gaya masa abin da ubansa ya faɗa a bayan rumbu. Na gaya masa na kakansa, da na ƙanen ubansa, da abin da na gani a jikin Mati. Dokar da kakana ya riƙe, Baba ya riƙe, ni na karya ta a zaune ɗaya. Na ce masa ba jiƙo zai sha ba, likita za mu, Maraɗi.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya miƙe tsaye. "Ubana ya ba ku amana, ka zo kana tone shi yana cikin ƙasa? Hita mini daga zaure." Ya ɗauki hula ya kifa a kan rabin aski. Na tattara kayana na fita.

Abin da ya cece shi al'adar nan ce da na gaya muku. Ya aika wa wani wanzami a Hawandawaki ya zo ya ƙarasa masa. Mutumin ya zo har zaure, ya ɗaga hula, ya ga hannun wani a kan, ya mayar da hular ya ce shi ba ya shiga gonar da ba tasa ba. Shaibu ya yi kwanaki ba ya cire hula ko a gaban matarsa. Daga ƙarshe ya aiko a kira ni. Na ƙarasa askin. Ina goge aska ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wace rana motar Maraɗi take tashi?"

Ya sayar da sansa na noma. Iyakar Najeriya a rufe take a lokacin, don haka babu zancen Katsina. A hanya jandarmomi suka yi ta sauke mu suna duba takardun lanho, wato haraji, shi kuwa duk tsayawa sai ya nemi bayan wata bishiya. A babbar likitar Maraɗi, wato babban asibiti, aka duba shi, aka sake dubawa da na'ura. Likitan, wani dogo mai magana a hankali, ya ce ba basir ba ne, ciwon daji ne na babban hanji, amma bai yi nisa ba, ana iya yankewa. Ya tambaya ko wani ya taɓa irinsa a gidansu. Shaibu ya nuna ni da haɓa, ya ce, "Tambayi wanga, shi ke riƙe da asirin matattunmu." Na lissafa masa su duka. Likitan ya ajiye alƙalami ya dube mu.

"Irin wannan yakan bi jini," ya ce. "Ba kowane ɗa ne yake ɗauka ba, kuma ba duk wanda ya ɗauka yake kwantawa ba. Amma a gida irin naku yakan zo da wuri, tun mutum na da ƙarfinsa. Ku nawa ne a wurin mahaifinku?"

"Mu biyu ne," in ji Shaibu. "Babban ya rasu."

Ina tsaye a wurin, ni mijin Habsu, ta ukun da bai ƙirga ba, na gyaɗa kai. Shaibu bai yi ƙarya ba a ganinmu. In an tambayi mutum gidan ubansa, masu riƙe gidan yake ƙirgawa. Likitan ya ce to 'ya'yansa da 'ya'yan wansa, duk wanda ya ga jini, ko bayan gidansa ya canza ya ƙi komawa daidai, ko ya rame babu dalili, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kawo shi.

Aka yi wa Shaibu aiki, aka yanke wani yanki na hanjin aka haɗa. Ya sha wuya, amma ya tashi. Ya koma lambunsa. Ranar da na ga farin gashi na farko a kansa na cire shi da yatsa na ɗora masa a tafin hannu, ya ce in kai wa yayarsa ta yi miya da shi. Maganar ciwon kuma ta daina zama asiri a cikin dangi, Habsu ma ta ji komai. Ba zan ɓoye muku ba, na yi alfahari. Na riƙa ganin na yi abin da kakana da Baba suka kasa. Duk Juma'a ina zauren Shaibu, 'ya'yansa da marayun Mati sun jeru, ina aski ina jan ido ina duba tafin hannu, har suka saba suna miƙo hannun da kansu. Duk mai billen hagu a ƙasar nan ya san ba ya wuce ni.

Shi kuwa ɗana na fari bai ɗauki zabira ba. Amalanken jaki ya saya, yana ɗaukar kayan 'yan kasuwa tsakanin ƙauyuka, har Gidan Amumune yake kaiwa. Ya yi aure, ya yi ɗakinsa a gefen gidanmu. Da safe ya tsuguna daga nesa ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri, ya tashi. Iyakar maganarmu ke nan, kuma kowa yana yaba mu da ita. Lokacin soja sun sake dawowa, damina kuma ta yi gardama, kowa na fama da kansa. Na ga rigarsa ta yi masa yawa, na ce wahalar hanya ce. Daga baya na ji ashe ya daɗe yana ganin jini. Abokansa suka ce masa zaman amalanke ne ke kawo basir, duk mai wannan aiki yana da shi. Ya riƙa sayen garin magani a wurin wani mai shimfiɗa a kasuwar Gidan Amumune. Ubansa wanzami ne, maganin basir cike da ɗaki, amma ta yaya ɗan fari zai dubi ubansa ya yi masa zancen bayan gida? Ƙanena da ke aske shi kuwa bai taɓa jan idonsa ba. Ban taɓa ce masa ya yi ba.

Wata rana da la'asar ina zaune a ƙofar gida, na ga ya zo sauke buhu daga amalanke. Ya rungume shi, ya ɗaga, buhun ya ƙi tashi. Ya tsaya ya dafa jakin yana numfashi. Yaron da yake ɗaukar buhu kamar matashin kai. Ko a lokacin ban kawo gidan Nomau a raina ba. Tari na zata, ko ciwon shawara. Tunda ni ba na iya tambayarsa, sai na aika aka kira Shaibu, don kawu yana iya shiga inda uba ba ya shiga. Suka zagaya bayan gida su biyu. Ba su daɗe ba Shaibu ya dawo shi kaɗai. Ya zauna a ƙasa, ba a tabarma ba. Mutumin da bai taɓa ganina bai tsokane ni ba.

"Wanzam," ya ce, "irin nawa ne."

"Ina ya gamu da irin naku? Ai shi ba ɗan gidanku ba ne."

Haka na ce, wallahi. Da bakina na faɗa.

Muka koma Maraɗi, mu uku. Wancan likitan ya bar wurin, wani matashi muka tarar. Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya fito da ni da Shaibu waje. Ya fara tambayar gidana, na ce babu mai irin wannan ciwo a zuriyarmu. Ya ce, "To wajen mahaifiyarsa fa?" Shaibu ya ɗaga rigarsa ya nuna masa ɗinkin da ke cikinsa.

"Baba," in ji likitan, "yaro ba daga uba kaɗai yake ɗaukar halitta ba. Yadda yake ɗauka daga uba, haka yake ɗauka daga uwa, babu wanda ya fi wani. Mace tana iya ɗauke da abin, ita lafiyarta lau, ta ba ɗanta. Tsaga ku kuke yinta da aska. Jini bai san da ita ba."

Na tambaye shi ko za a yanke kamar na kawunsa. Ya ce ciwon ya riga ya kai hanta. Ya ce da an zo tun farkon ganin jinin, da akwai magana. Ya rubuta maganin rage zafi, ya ce mu kai shi gida cikin 'yan'uwansa.

Kafin in ƙarasa, ga abin da nake so ku ɗauka, ku masu inji. Na san har yanzu mutane suna raɗa muku zancen basir in kun sunkuyo kansu, don mai aski ake gaya wa abin da ba a gaya wa liman. Na san wasunku har kwalaben jiƙo kuke ajiyewa a bayan madubi. Yawancinsu basir ɗin ne, ban musa ba. Amma kafin ku miƙa kwalba ku tambaya: tun yaushe? Kana ramewa? Wa ya mutu da ciwon ciki a gidanku yana da sauran ƙarfi? In ya gama lissafa gidan ubansa, kada ku tsaya nan, ku ce ya lissafa na uwarsa. In kun ji abin da bai kwanta muku ba, ku tura shi likita, ko zai zage ku. Ni bayan abin da ya faru na bi gidajen da aka kai 'ya'yan Shaibu da na Mati mata aure, gidajen da ba nawa ba, na tsaya a zauren surukai na faɗi maganar da ba a faɗa. Wasu sun saurara, wasu sun ce tsufa ya taɓa ni. Sauran 'ya'yana duk na kora su aka duba. An sami ɗan tsiro a hanjin ɗaya daga cikin matan, aka cire tun bai zama komai ba. Tana nan da ranta, da jikokinta.

Shi kuwa ɗana na fari bai ga kakar shekarar ba. A kwanakinsa na ƙarshe na ajiye kunya na riƙa shiga ɗakinsa ina zama. Ba mu iya hira ba, ba mu taɓa koya ba. In na shiga sai ya yi ƙoƙarin tashi ya tsuguna, in ce ya kwanta. Na yi baƙin ciki irin wanda ban san akwai shi ba, kuma har yau bai sake ni ba.

Bayan an share makoki, baƙi sun watse, na shiga cikin gida da hantsi na tarar da Habsu tana wanke kwanonin da aka ci abinci. Tun dawowarmu daga Maraɗi ba ta ɗaga mini maganar ba, ni ma ban ɗaga ba. Ita ma ɗan farinta ne, ko kuka ba ta yi a gaban mutane ba. Na tsuguna kusa da ita.

Ita ta fara, idonta a kan kwanon da ke hannunta.

"Duk Juma'ar da ka ɗauki zabira ka tahi zauren Shaibu, daɗi nake ji, Malam. Ina cewa Allah ya ba ni miji mai ido."

Ta ɗauraye kwanon, ta kife shi a kan sauran.

"Na zaci namu 'ya'yan kake hwara dubawa kahin ka hita."